Yadda Kuɗi Ke Haye Teku Ba Tare da Sun Shiga Jirgi Ba

'Yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu, zan fara da faɗin wani kuskure da na yi, gama shi ne ya jawo wannan rubutu. A zangon da ya wuce, sa'ad da aka tura mu koyarwa ta gwaji, an ba ni aji shida a wata makarantar firamare. Ran nan muna darasi a kan ciniki tsakanin ƙasashe, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, babana ya sayo kekunan ɗinki daga ƙasar Sin, amma naira ya kai banki a nan garin. To, kuɗin a jirgin sama aka kai su, ko a jirgin ruwa?" Ni kuwa don kada a ce malam bai sani ba, sai na ce, "A jirgin sama." Yara duka suka duƙa suka rubuta.

Malamin da aka aiko ya duba koyarwata bai ce kome ba a gaban yara. Da muka fito sai ya tambaye ni, "Kai ka taɓa ganin jirgin nan?" Kunya ta rufe ni. Hausawa sun ce tambaya rabin ilimi, saboda haka na yi makonni ina bin littattafai, ina tambayar masu aikin banki da 'yan kasuwa. Ga abin da na samo, domin kada waninmu ya sāke koya wa yara abin da ba haka ba.

Mai shanu da mai goro

Wanda ya fara buɗe mini ido ba ma'aikacin banki ba ne. Wani dattijo ne a Sabo ta Badun, wanda ya tashi a gidan saukar fatake. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, a zamaninku yaya fatake su ke kai kuɗi Arewa, ga 'yan fashi a hanya?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, wa ya gaya maka kullum kuɗi ne ke tafiya?"

Ya ce in duba mutum biyu. Ga mai shanu ya kawo garke daga Kano, ya sayar a Badun. Kuɗinsa suna hannun mai gidansa, amma shi a Kano ya ke bukatarsu. Ga kuma mai goro, kuɗinsa suna Kano, amma a Kudu ya ke bukatarsu don ya sayi goro a Shagamu. Sai mai gida ya ɗauki kuɗin shanu ya ba wakilin mai goro, ya rubuta takarda. Sa'ad da mai shanu ya koma Kano, sai ya kai takardar gidan mai goro, a ƙirga masa kuɗinsa. Shanu sun zo Kudu, goro ya tafi Arewa, kowa ya sami hakkinsa, amma ko sisi bai hau mota ba. Abin da ya yi tafiya takarda ce kaɗai, abin da ya riƙe takardar kuwa amana ce.

Duk wanda ya gane wannan ya gane rabin darasinmu, gama abin da bankunan duniya ke yi ke nan.

Namu da naku

Kowane kuɗi yana da gidansa. Gidan naira Nijeriya ne, gidan dala Amurka, gidan fam Ingila, gidan yuro kuwa ƙasashen Turai masu amfani da shi. In ban da takardun kuɗi da matafiya ke riƙewa a hannu, dalar da ke cikin littattafan banki a ƙarshe can Amurka a ke kammala biyanta. Saboda haka bankin da ke Ikko, in yana so ya riƙa biyan dala, dole ya nemi mai gida a Niyok. Watau zai buɗe asusu a wani babban banki na can, ya ajiye dala a ciki, kamar yadda ni da kai mu ke buɗe asusu a bankin unguwa. Haka kuma zai buɗe na fam a Landan, na yuro a wani birni kamar Farankfot ta Jamus.

Masu banki suna kiran wannan asusu nostro. Kalmar Italiyanci ce, ma'anarta "namu", watau kuɗinmu da ke ajiye wurinku. Shi kuwa bankin Niyok, in ya dubi wannan asusu ɗin dai, vostro ya ke kiransa, watau "naku", kuɗinku da ke ajiye wurinmu. Asusu ɗaya ne, suna biyu, ya danganta da gefen da mutum ya tsaya. Kalmomin sun fito daga attajiran Italiya na dā. Bankin gidan Medici, wanda aka kafa a birnin Fulorans a 1397, ya riƙa rubuta irin waɗannan asusai a littattafansa saboda wakilansa na wasu garuruwa.

Mu bi kuɗin kekunan ɗinki

Bari mu ƙaddara mahaifin yarinyar nan zai biya dala 2,000. Don sauƙin lissafi mu ce dala ɗaya naira 1,500 ce, ko da ya ke farashin yana hawa yana sauka. Ga matakan:

1. Ya kai wa bankinsa naira 3,000,000 da takardun kaya. Wannan naira ba za ta bar Nijeriya ba har abada.

2. Bankinsa ya aika wa mai gidansa na Niyok saƙo cewa, "Ku cire dala 2,000 daga asusunmu, ku ba bankin wane na ƙasar Sin, domin wane mai kekuna."

3. In bankin Sin ɗin yana da asusu a wannan gida ɗaya, aiki ya yi sauƙi: a rage a wannan shafi, a ƙara a wancan. In kuwa mai gidansa dabam ne, sai bankunan Niyok biyu su biya juna ta Fedwire, hanyar babban bankin Amurka, ko ta CHIPS, wadda manyan bankuna suka mallaka.

4. Bankin Sin ya ga an ƙara masa dala 2,000 a Niyok, sai ya rubuta wa mai kekuna kuɗinsa, ko da dala ko da kuɗin ƙasarsu, yuwan.

Ku lura da abin mamaki. Mai saye yana Nijeriya, mai sayarwa yana Sin, babu ɗayansu da ya taɓa zuwa Amurka, amma a Niyok aka yi biyan.

Saƙon nan na mataki na biyu yawanci ta SWIFT ya ke bi. Mutane da yawa suna tsammani SWIFT banki ne. A'a, ɗan aike ne kawai, ba ya riƙe kuɗin kowa. Bankuna 239 na ƙasashe 15 suka haɗu suka kafa shi a 1973 a ƙasar Beljiyam, ya fara ɗaukar saƙo a 1977. Yanzu gidajen kuɗi fiye da 11,000 ke amfani da shi a ƙasashe da yankuna sama da 200. Kowane banki yana da lambarsa mai harufa 8 ko 11. In kun duba ta bankin Nijeriya, za ku ga harafi na biyar da na shida NG ne, alamar ƙasarmu ke nan.

Ina asusun ke samun dala?

Rijiyar da a ke ɗiba ba a zubawa, ƙafewa za ta yi. Asusun nostro yana cika ne sa'ad da kuɗi suka biyo hanyar nan ta baya. In wani ya sayar da koko ko riɗi ko citta a waje, mai saye ya kan biya dala cikin asusun bankin mai kayan a Niyok, bankin kuma ya rubuta wa mai kayan a gida. Haka kuma kuɗin da 'yan'uwanmu mazauna waje ke aiko wa iyayensu, waɗanda a 'yan shekarun nan su kan kai wajen dala biliyan 20 a shekara. Sai kuma Babban Bankin Nijeriya, wanda shi ma yana da nasa ajiya a waje, inda kuɗin man fetur na gwamnati ke shiga. In ya sayar wa bankuna dala, daga asusunsa na waje a ke juyawa zuwa nasu.

Daga nan za mu gane maganar nan da mu kan ji, wai "babu dala a banki". Ba wai akwatin ƙarfe ne ya zama wofi a Ikko ba. Abin nufi shi ne masu son a biya musu a waje sun fi abin da ke shiga asusun yawa. Mun ga wannan a fili a 2022 da 2023, sa'ad da kamfanonin jiragen sama na waje suka sayar da tikiti da naira, suka kasa samun dalar da za su mai da kuɗinsu gida, har kamfanin Emirates ya dakatar da zuwa Nijeriya a 2022, bai dawo ba sai 2024. Naira tana nan jibge, amma ba ta da abokiyar musaya a can.

Me ya sa a kan yi jinkiri, a kan kuma yi ragi?

Kawuna yana da injin niƙa. Ya taɓa aika kuɗin wani ƙarfen inji zuwa waje, aka yi kwana goma sha tara mai kaya yana cewa bai ga kome ba, injin kuwa yana tsaye, matan unguwa sun koma wurin wani. Da kuɗin suka isa, sai aka tarar sun ragu. Ya ce mini, "Ɗana, kai da ka yi boko, wa ya ci kuɗina a hanya?" A lokacin ban iya ba shi amsa ba. Yanzu na san dalilai huɗu.

Na fari, kuɗin sauka. In bankinka ba shi da mai gida ɗaya da bankin mai kaya, saƙon zai bi ta gida biyu ko uku, kowane kuwa ya kan cire ladansa. Saboda haka tun a wurin cika takarda a kan zaɓi wanda zai ɗauki ladan: mai aikawa, ko mai karɓa, ko su raba. Kawuna bai san da wannan zaɓi ba.

Na biyu, bambancin lokaci. Ikko tana gaban Niyok da awa biyar ko shida, gwargwadon lokacin shekara. Ga kuma ranakun hutu, waɗanda ba ɗaya ba ne a kowace ƙasa. Saƙon da aka aika da yammacin Jumma'a yana iya kwana har Litinin ko Talata.

Na uku, kuskuren rubutu. Harafi ɗaya in ya kauce a sunan mai karɓa ko lambar asusunsa, sai a tsai da kuɗi, a koma ana tambaya daga gida zuwa gida. Wannan ne ya sami kawuna.

Na huɗu, bincike. Mai gida ba ya son a saukar masa da ɓarawo. Dokar ƙasarsa ta tilasta masa ya duba kowane suna, kada kuɗin sata ko na ta'addanci su bi ta littafinsa, in kuwa ya yi sakaci a ci shi tara mai nauyi. Don haka wasu manyan bankuna suka rufe asusan ƙananan bankuna na ƙasashe matalauta, suka ce ribar ba ta kai haɗarin ba. A nan ne sunan ƙasa ke da tasiri. In 'yan damfara kaɗan suka ɓata shi, mai injin niƙa ne zai sha jira.

A cikin kowane banki akwai akawuna waɗanda aikinsu ke nan kullum: su ɗauki takardar lissafi da mai gida ya aiko, su gwada ta da nasu littafi, layi bayan layi, har sai biyun sun yi daidai. Na tuna malamin lissafinmu a makarantar mishan, wanda ba ya barinmu mu tashi sai kwabo na ƙarshe ya fito. A lokacin mun ɗauka mugunta ce.

Tarihinmu da ajiyar waje

Wannan al'amari ba sabo ba ne a ƙasarmu. A 1912 Turawan mulki suka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, mazauninta a Landan. Ita ke fitar da kuɗin da a ke kashewa a Nijeriya da Gwalkwas, watau Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya, madogararsu kuwa fam ɗin Ingila ne da a ke ajiyewa a Landan. Sulen da kakanninmu suka biya haraji da shi, gindinsa yana can. Sai a 1958 aka yi dokar kafa Babban Bankin Nijeriya, ya fara aiki ran 1 ga Yuli 1959. Naira da kwabo kuma suka maye gurbin fam da sule ran 1 ga Janairu 1973.

Maƙwabtanmu na Nijar da sauran ƙasashen Yamma masu amfani da sefa su ma sun daɗe suna ajiye rabin kuɗinsu na waje a baitulmalin Faransa bisa ga yarjejeniya. A ƙarshen 2019 aka ba da sanarwar soke wannan sharaɗi.

Haɗarin ajiya a ɗakin wani

Kowa ya ba da ajiya ya san mabuɗi ba ya hannunsa. Haɗarin iri biyu ne.

Na ɗaya, abokin ciniki ya faɗi a tsakiyar biya. Ran 26 ga Yuni 1974 hukuma ta rufe bankin Herstatt na birnin Kolon a Jamus da ƙarfe huɗu da rabi na yamma. A lokacin safiya ce tukuna a Niyok. Bankuna da dama sun riga sun biya shi kuɗin Jamus, suna jiran ya biya su dala daga asusunsa na Niyok, sai aka tsai da biyan. Sun ba da nasu, ba su karɓi kome ba. Wannan ya girgiza duniya, har manyan bankunan ƙasashe suka kafa kwamitin Bazel a wannan shekara don sa ido a kan bankuna. A 2002 kuma aka buɗe wani tsari mai suna CLS, inda ba a sakin kuɗin wannan sai na wancan sun zo, watau cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Amma manyan kuɗaɗen duniya kaɗai ke cikinsa, naira ba ta ciki.

Na biyu, gwamnatin mai gida ta kulle ɗakin. A watan Agusta 2021, bayan Taliban sun kama birnin Kabul, Amurka ta hana a taɓa wajen dala biliyan 7 na babban bankin Afganistan da ke ajiye a Niyok. A 2022, bayan Rasha ta kai yaƙi Yukiren, ƙasashen Yamma suka riƙe mata wajen dala biliyan 300, mafi yawansu a Turai. Ba na nufin in yanke hukunci a kan wa ke da gaskiya. Abin lura shi ne, wanda littafi ke hannunsa yana da iko.

Har wa yau akwai abin takaici a nahiyarmu. Ɗan kasuwar Ikko in zai biya ɗan kasuwar Akara, sau da yawa sai an mai da naira dala, an bi ta Niyok, sa'an nan a mai da dala sidi. Don a rage wannan kewaye ne bankin Afreximbank ya ƙaddamar da tsarin PAPSS a Akara a watan Janairu 2022, yadda kowa zai biya da kuɗin ƙasarsa.

Asusun dala na mutum ɗaya

Wani zai ce, "Ai yayana yana da asusun dala a bankin nan na cikin gari." Gaskiya ne, doka ta yarda da wannan. Amma mu gane, dalar da aka rubuta masa, in ba takardar kuɗi ya kai da hannu ba, tana cikin asusun bankin ne a waje, haɗe da ta sauran mutane. Shi yana bin bankinsa, bankinsa yana bin mai gidansa.

Wannan dabam ya ke da mutum ya je wata ƙasa ya buɗe asusu da sunansa. Ɗalibi ko ma'aikaci da ke zaune can yana bukatar haka, ba laifi. Amma Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a Jadawali na Biyar, ya hana shugaban ƙasa da mataimakinsa, da gwamnoni da mataimakansu, da ministoci da kwamishinoni, da 'yan majalisun tarayya da na jihohi, su riƙe asusun banki a wajen Nijeriya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kuɗin da aka kwashe a zamanin Janar Sani Abacha, wanda ya rasu a 1998, an yi shekaru fiye da ashirin ana binsu a kotunan waje. Suwizalan ta yarda ta dawo da dala miliyan 321 a 2017, a 2020 kuma aka karɓo sama da miliyan 300 daga tsibirin Jazi. Hanya ɗaya ce, mai gaskiya ya bi ta da kuɗin kekunan ɗinki, wani ya bi ta da kuɗin asibiti da makaranta.

Yadda na koma aji

Kafin zangon ya ƙare na roƙi a ba ni darasi ɗaya. Na tsaya gaban yara na ce, "Ku buɗe inda kuka rubuta jirgin sama, ku soke. Malaminku ne ya yi kuskure." Sa'an nan na raba su kusurwa uku: Ikko, Niyok da Sin. Na ba 'yan Ikko tsakuwa a madadin naira, 'yan Sin ƙwayar wake a madadin yuwan, 'yan Niyok kuwa allo da alli kaɗai. Yaro ɗaya ya zama ɗan aike, doka kuwa ita ce kada ya ɗauki kome sai takarda. Muka yi ciniki sau biyar. Da muka ƙirga, babu tsakuwa ko ɗaya da ta bar kusurwarta, amma kowa an biya shi. A ciniki na shida sai shafin Ikko a allon Niyok ya ƙare. Yarinyar nan ta tashi ta ce, "Malam, ashe sai mun sayar musu da wani abu tukuna." Ban ƙara kome a kai ba, gama ta faɗi darasin duka.

Ga tambayoyi ga wanda zai gwada wannan a ajinsa:

1. Mene ne bambanci tsakanin nostro da vostro?

2. In asusun banki a Niyok yana da dala 10,000, aka biya 2,000 na kekuna da 3,500 na magani, aka kuma karɓi 4,000 na koko, nawa ya rage?

3. Me ya sa naira ba za ta iya biyan bashin dala ba, kome yawanta, sai an sami mai musaya?

4. A labarin mai shanu da mai goro, wane ne ya yi aikin bankin Niyok, mene ne kuma ya yi aikin SWIFT?

Shawarata ga 'yan'uwana masu shirin fita koyarwa ita ce, in yaro ya yi muku tambayar da ba ku da amsarta, ku ce masa, "Bari in bincika, gobe in gaya maka." Wannan ya fi jirgin sama da na ƙirƙiro. Allah ya ƙara mana basira, ya ba mu ikon riƙon amanar yaran da za a danƙa mana.